Gorar Kindirmon Gidan Zungu

Kasuwar Warwick, Durban
Fabrairu, 1997

Zuwa ga taubashina Mzwakhe Zungu, a Ndundulu.

Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta kusa manta kamanninka. Ka gaishe mini da matarka MaNtuli da ciwon ƙafafunta, da 'yarku Sizakele. Ni lafiya lau, in ban da hayaƙi da ke cin idanuna. Har yanzu kan saniya nake dafawa, mutanen Durban kuma ba su gaji da ci ba.

Na san kana karantawa kana cewa Thokozile ba ta rubutu sai da dalili. Gaskiyarka. Kai ma ba ka amsawa sai an yi mutuwa, to mun yi daidai.

Baƙo zan aiko maka. Sunansa Limbani Chisale, ɗan ƙanwar mijina marigayi Yohane, daga Dedza ta ƙasar Malawi. A wurinsu kawu shi ke ɗaukar nauyin ɗan 'yar'uwarsa, to tun da Yohane ya kwanta dama nauyin ya sauko kaina. Kafinta ne, ya haura talatin, bai yi aure ba. Ya samu aikin rufin sabuwar makarantar da ake ginawa a gindin tudunku. Ɗan kwangilar ya ce ma'aikata su riƙa kwana a cikin ajin da ba a rufa ba, ni kuwa na ce ina da ɗan'uwa mai ɗakuna biyu da kaji ke kwana a ciki tun da Johannesburg ta haɗiye masa 'ya'yansa maza.

Ba ya shan giya, ba ya zagi sai wanda ya koya a bakina. Zulunsa na kasuwa ne, ku yi haƙuri da shi. Abu ɗaya zan gaya maka: mutanensu ba sa mayar da abinci. Ko dutse ka dafa masa zai ci, ya tafa hannu ya yi godiya. Ka riƙe shi kamar ɗan gida.

Direba Shandu zai sauke shi tare da sukari da ganyen shayi da bargo na MaNtuli. Bargon nata ne, kada in ji ka lulluɓa.

Taubashiyarka,
Thokozile


Ndundulu
Afrilu, 1997

Thokozile,

Muna nan da rai. MaNtuli ta gode da bargo, ƙafafun dai sai a hankali. Saniya ɗaya ta haihu, ɗaya ta ɓarar.

Baƙonki ya iso, kuma ina so ki gaya mini wane irin mutum kika aiko mini. Mu abin da muka sani, baƙo ya zauna a inuwa a kawo masa abinci. Wannan kafin rana ta fito ya share tsakar gida. Namiji da gemu, da tsintsiya a hannu, maƙwabta suna leƙe ta kan shinge. Na hana shi, ya durƙusa ya tafa hannu ya ce, "To, Baba," washegari ya sake. In ya taso daga aikin makaranta ba ya hutawa, sai ya ɗauki fartanya ya shiga gonar MaNtuli. Ya nome ta kaf ba wanda ya sa shi. Maƙwabcinmu Baba Biyela ya tare ni a hanya ya ce, "Zungu, baƙo ka samu ko jaki ka saya?" Kin ga abin da kika ja mini.

Ran nan kuma ya kamo ɓerayen gona ya jera su a tsinke yana gasawa a bayan ɗaki. Har ya miƙo mini mafi ƙiba a ciki. Na ce, "Yaro, a gidan nan kyanwa ke wannan aiki." Sizakele ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Tun da ta fara koyarwa ban ji ta yi irin wannan dariya ba, ban kuma ga abin dariya a ciki ba.

Yanzu sabon abu ya tsiro da shi. Tubali yake bugawa a bayan garke, yana jerawa a rana. Na tambaye shi na mene ne, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ƙasar nan tana da kyau, Baba." Ni na tambaye shi kyan ƙasa?

Ba na cewa mugu ne. Ya gyara ƙofar garke, ya toshe yoyon ɗakin MaNtuli, ita kuwa yanzu ba ta da magana sai "ɗan Malawi ya ce". Amma in an gama rufin nan ki zo ki kwashi kayanki.

Mzwakhe


Durban
Yuli, 1997

Mzwakhe Zungu,

Zan gaishe ka don uwata ta koya mini gaisuwa. Ina fatan MaNtuli lafiya. Kai kuwa na san kana lafiya, irinku ba sa ciwo.

Ranar Talata ina tsakiyar fasa kai da gatari, layi har bakin titi, sai ga Limbani tsaye a kaina kamar wanda aka tono. Na ba shi kunci da romo, bai taɓa ba. Mutumin da ba ya mayar da abinci. Na bar wa maƙwabciyata tukunya na ja shi gefe, ya ba ni labarin abin da ka yi. Zan maimaita maka, don ka gan shi a rubuce.

Ranar Lahadi bayan coci, ka jira sai da Sizakele ta tafi koyon waƙa. Ka kira Baba Biyela da Baba Mhlongo suka zauna. Ka sa aka ɗauko gorar kindirmo, ba ta yara ba, taka, wadda ubanka ya bar maka. Ka zuba a kan dambun masara da hannunka, ka miƙa masa cokalin itace ka ce, "Ci, baƙona." Ya ci. Ka ƙara masa, ya cinye. Sai ka dafa kafaɗarsa ka ce, "Daga yau kai ɗana ne, dattawa sun shaida."

Ka san me ya ɗauka? Ya ɗauka ka gane abin da ke tsakaninsa da Sizakele, ka kuma amince. Ya ce mini, "Inna, har hawaye na yi. Na durƙusa na riƙe ƙafarsa." Yana zaune yana murmushi yarinyar ta dawo, ta ga akushin, ta ce, "Wa ya ci a nan?" Ya ce, "Ni ne, Baba ya karɓe ni." Ta kalle ka, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ba wanda ya yi masa bayani. Da safe ya gaishe ta ta ce, "Ina kwana, Yaya," ta wuce.

Ni ce na zauna a kan bokiti a tsakiyar kasuwa ina koya wa ƙaton mutum abin da kowane yaro mai kiwon maruƙa a tudunku ya sani: cewa namiji ba ya shan kindirmon gidan da ba jininsa ba, in kuwa ya sha, 'yan matan gidan sun zama ƙannensa, maganar aure ta mutu. Ya ce, "Amma Inna, a nan Durban kowa na saye a kanti yana sha." Na ce na kanti ba shi da kakanni, ɗan nan.

Na yi shekara talatin ina ciniki da ɓarayi, Mzwakhe. Na ga mai sayar da kan jaki da sunan na maraƙi. Amma ban taɓa ganin wanda ya ɗana wa baƙonsa tarko a cikin akushi ba. Ni da hannuna na rubuta maka cewa ba ya mayar da abinci, ka ɗauki maganata ka wasa ta ka yanka shi da ita. In ba ka son shi, ba ka da baki? Ka ce, "Yaro, ba zan ba ka ba." Da ya ji zafi irin na maza ya wuce. Sai ka sa shi ya yi maka godiya.

Ka amsa mini.

Thokozile


Ndundulu
Yuli, 1997

Thokozile,

Lafiya muke, tun da kin tambaya da rabin baki. MaNtuli ba ta yi mini magana sai in gishiri ya ƙare. Sizakele tana ajiye mini abinci kamar mai ajiye wa kare. Ɗan Malawinki ya kwashe kayansa ya koma ajin makaranta. Kin ji daɗi.

Takardarki ta farko tana nan a aljihuna. "Ka riƙe shi kamar ɗan gida." Rubutunki ne ko nawa? Na riƙe shi. Ke da kika san yana da idanu, kika san ina da 'ya, me ya hana ki ja masa kunne kan gora kafin ki ɗora shi a mota? Birni ya wanke miki kai, kindirmonki a roba yake zuwa da kwanan wata a jiki. Ki ɗauki rabonki na laifi kafin ki miƙo mini nawa.

Kin ce ba ni da baki. To ga bakin. E, na gani. Na ga yadda take kai masa shayi wurin aiki, ita da ko ni sai na kira sau biyu. Na ga tana koyon gaisuwarsu. Kina so in zauna sai ya turo mutane, in ce a'a a gaban duniya, ita kuma ta haɗa akwati ta bi shi? Yaran yanzu suna tsallake maganar uba. Kakanni ne dai ba su iya tsallakewa ba tukuna.

Ke ba ki haifa ba, Thokozile, ba zagi nake ba. Na haifi huɗu. Mandlenkosi da Khulekani suna Johannesburg, sai a Kirsimeti in an yi sa'a. Babbar 'yata tana aure a Newcastle, nan cikin ƙasar nan, amma rabon da uwarta ta gan ta har jikan ya yi haƙora ya zubar. Saura ɗaya. Ita ke ɗaga MaNtuli in ƙafafun sun ƙi, ita ke yi mata wanka. Na tambayi Shandu inda Malawi take, ya ce ana tsallake ƙasashe biyu, sai an nuna takarda a kowace iyaka. Ranar da uwarta za ta faɗi a ɗaki, wa zai je ya kira ta? Yohane naki, sau nawa ya koma ya ga tasa uwar?

Ba na ƙin yaron. Da ɗan tudun nan ne da na ba shi har da saniya. Amma an sha, an shaida, an gama. Ki nema masa 'yar ƙasarsu.

Mzwakhe


Durban
Satumba, 1997

Taubashi,

Gaisuwa, da fatan MaNtuli ta samu sauƙi. Takardarka sai shekaranjiya ta zo hannuna. Shandu ya cusa ta a bayan madubin mota ya manta, ni kuma ina nan ina cewa girman kai ya hana ka amsawa, ina ƙara maka zagi a cikin tukunya. Ba zan janye ko ɗaya ba, amma da ta zo da wuri da ba a kai inda aka kai ba.

Ga inda aka kai. An gama rufi. Limbani yana ɗakina, ya sayi tikitin motar Malawi na ƙarshen watan nan. Sizakele ta zo nan ranar Asabar, kai kana tsammanin taron malamai ta tafi. Ta zauna a bencin masu cin nama, shi yana wancan gefe, ba su ko haɗa ido ba. Ta ce mini, "Goggo, ba zan taka abin da kakanni suka shaida ba. Amma ba zan iya zama ina kallon gorar nan kullum ba." Ta nemi a canja mata makaranta zuwa can iyakar Swaziland. Ka ji ko? Ka rufe ƙofar gaba, ta samu ta baya.

Maganar haihuwa da ka yi, na karanta, na ajiye. Za mu yi ta wata rana ido da ido.

Yanzu ka gyara zama, mai wayo. Ka tambayi direban mota inda Malawi take, amma ba ka tambayi baƙon da ke kwana a gidanka yadda ake aure a garinsu ba. Mutanen Limbani ba sa ɗauke mace. Miji ne ke tattara kayansa ya koma gidan matar, ya gina ɗaki a filin iyayenta, ya noma gonar surukarsa, 'ya'yan su tashi a gaban kakarsu ta wajen uwa. Mai neman aure a wurinsu da fartanya yake fara magana. Sharar da ta ba ka kunya, da gonar MaNtuli da ya nome, duk roƙo ne yake yi, kai kana can kana jin haushin Biyela. Ka tambaye ni sau nawa Yohane ya koma. Bai koma ba, don a wurinsa inda matarsa take nan ne gida. A unguwarmu aka binne shi, kai ma ka zo.

Na ce wa Limbani, "Kai kuma me ya hana ka buɗe baki?" Ya ce, "Inna, ai Baba ya ga tubalin. Na ɗauka kowa ya san abin da tubali ke nufi." Ku biyun Allah ya haɗa ku, kowa yana zaton duniya duka tudunsu ce.

Wato an kawo maka har gida abin da 'ya'yanka maza biyu suka kasa zama: namiji mai sana'a wanda zai tsufa a bayan garkenka. Kai kuma ka ba shi kindirmo.

Kada ka ce mini an gama. Tsohuwar da ke sayar da saiwoyi a bayan rumfata 'yar garin Nongoma ce, na saye ta da harshen saniya guda ta tuna mini abin da kai ma ka sani ka yi shiru. In zumunci ya tare aure, ana yanka farar akuya a gaya wa kakanni, maigida ya fasa gorar da hannunsa a gaban waɗanda suka shaida. Ba wata gora ba, wadda aka sha a ciki. Na san ta ubanka ce. Kai ka zaɓe ta, ba ni ba.

Akuyar da ke tare da wannan takarda fara ce tas, na duba har ƙarƙashin wutsiya. Na ce wa Shandu in ya manta da ita a bayan madubi zan dafa kansa. Ko ka yanka, ko ka yi kiwonta ta riƙa yi maka kuka a ƙofar ɗakin Sizakele bayan ta tafi.

Thokozile


Ndundulu
Satumba, 1997

Thokozile,

Muna lafiya. Akuyarki ta iso, ta cinye wa Shandu kujera, ku ƙarata.

Ban ce kin yi gaskiya ba. Har yanzu ina cewa mai aiko baƙo ita ke koya masa inda zai taka. Kuma mutumin da zai nemi 'yar mutane da tsintsiya maimakon ya turo dattawa, ba shi da ikon jin haushi in ba a gane shi ba.

Na karanta wa MaNtuli takardarki, ban da wuraren da bakinki ya yi wari. Da na gama ta ce, "Hadari na haɗuwa, tubalin yaron nan a waje yake." Na je na duba. Sun fi yadda nake zato yawa, har ya ja layin ɗaki a ƙasa da turaku. Ƙofar tana kallon ɗakin MaNtuli. Na rufe su da ciyawa, saboda ruwa.

Jiya aka yanka akuyar. Biyela da Mhlongo sun zo, Biyela yana ta tari don kada a ga yana dariya. Na shiga garke, inda muke magana da kakanni, na gaya wa marigayi ubana abin da ke tafe da ni. Ban san yadda ya ɗauka ba. Gorar ba ta fashe a bugun farko ba, sai da na ƙara. Tun ina yaro nake ganin ta a rataye, a cikinta na sha ranar da na dawo daga ramin zinariya da rabin huhu. Sizakele ce ta tsince sakainar, ta ƙulle a ɗankwalinta ta kawo mini. Na karɓa. Da yamma ta kawo mini shayi tun ban kira ba.

Ki karɓe tikitin nan daga hannunsa ki sayar, ke ce gwanar sayar da abin da ba naki ba. Ya turo mutane yadda ake yi, ke ce za ki shige gaba tun da ke ce kawunsa. Shanun aure kuma zai kawo. Al'adarsu tasu ce, tawa tawa ce. Ko ɗaya bayan ɗaya ne, ai yana bayan garke, ina ganinsa. Ɓera kuwa ya gasa a gona, kada in ji ƙaurinsa a gidana.

Sai abu na ƙarshe, ki gaya masa tun yana can don kada a sake cewa ba a faɗa masa ba. Suruki ba ya taɓa kindirmon gidan surukansa. Ranar da ya ci, ya lashe cokali ya ce mini bai taɓa shan mai daɗinsa ba. To ya riƙe ɗanɗanon da kyau, ya sha na farko ya sha na ƙarshe.

In za ki zo, ki taho da gora. Babba, mai kaurin baya. Kada ki kawo mini roba.

Taubashinki,
Mzwakhe Zungu